Kano zuwa Maiduguri a jirgi: awa nawa ne, kuma zai fi wa tsohuwa sauƙi a kan mota?

Manomin Riɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar jirgin sama ya haska mini, don maganar nan ta hana ni sukuni.

Ni mutumin ƙasar Kiyawa ne a Jigawa. Ƙauyenmu yana ɗan ciki, sai an hau babur kafin a fito bakin kwalta. Mahaifiyata ƙane ɗaya ya rage mata a duniya, Kawu, wanda ya tafi gabas karatun allo tun yana saurayi, ya sauke, ya yi aure a can, ya kafa gida a Gwange cikin Maiduguri. Makon jiya 'ya'yansa suka bugo waya cewa jiki ya yi tsanani, ko masallacin ƙofar gida ba ya iya fita. Tun daga ranar Inna ba ta da zance sai nasa. Ta ce waya ba ta ishe ta ba, sai ta je ta gan shi da idonta. Ni ma ban ga laifinta ba, zumunci a ƙafa yake.

Damuwata ita ce Inna ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ga ciwon baya. Ko Dutse na kai ta ganin likita, kafin mu dawo ƙafafun sun kumbura, sai an dafa ruwa an gasa mata da tsumma kafin ta iya takawa. Shi ya sa na fara tunanin jirgi. Alhamdulillahi bana riɗi ya yi kyau, na fitar da wani kasuwa, in dai kuɗi ne zai sauƙaƙa mata tafiyar, ba zan ji ƙyashi ba.

Ƙanina ya duba mana a waya, sai muka ƙara rikicewa. Wani shafin ya ce nisan 500 ne da ɗoriya, wani ya ce 310, wani kuma 270. Wajen lokaci ma haka: wani ya ce minti 50, amma da ya shiga wajen sayen tikiti sai ya ga ana rubuta awa biyar, awa bakwai, har da wanda sai gobe ake isa. Wanne ne gaskiya? Akwai jirgin da ke tashi daga Kano ya sauka Maiduguri kai tsaye? Filin jirgin Dutse kuma da ke nan kusa da mu, zai yi mana wani amfani? Ni dai ban taɓa shiga jirgi ba, ita ma haka. Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Kawu lafiya, ya saka maka da alheri a kan Inna.

Lambobin nan uku abu ɗaya suke faɗa, ma'aunin ne ya bambanta. Idan ka ja zare a miƙe kan taswira daga Kano zuwa Maiduguri, kilomita 500 ne, da ɗan abin da ba a rasa ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, shi ya ba da mil 310. Matuƙan jirgi kuma da mil ɗin teku suke lissafi, wanda ya kai kilomita 1.852, shi ne 270 ɗin da kuka gani. Garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke kwance, saboda haka jirgin da ya tashi daga Kano gabas sak zai nufa, har ma ta kusa da saman ƙasarku zai gifta.

Maganar minti 50 ita ma gaskiya ce. Babban jirgi irin Boeing 737, idan ya gama hawa ya daidaita, yana gudun da ya haura kilomita 800 a awa. In a kan allo ne, sai ka ce ko minti 40 ba za a yi ba. To amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun. Sai ya ɗauki lokaci yana hawa, kuma tun da sauran tafiya mai yawa zai fara rage gudu yana sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ne suke cin fiye da rabin lokacin. Saboda haka ka sa minti 50 zuwa awa ɗaya a sama. In jirgi mai farfela ne, wanda gudunsa ke wajen kilomita 500 a awa, ka sa awa ɗaya da kwata ko da minti ashirin.

Awa biyar da bakwai ɗin kuwa, ai ba Maiduguri jirgin ya nufa daga Kano ba. Akasarin jiragen da ke sauka Maiduguri daga Abuja suke tasowa. Sai a ɗauke ka daga Kano a yi kudu da kai kilomita 360 zuwa Abuja, a sauke ka, ka jira, sannan wani jirgin ya yi arewa maso gabas da kai kilomita 700 da 'yan kai. Ka ga tafiyar 500 ta koma sama da 1,050. Zaman cikin jirgin duka biyun bai wuce awa biyu da rabi ba, sauran duk zaman jira ne.

Sai abin da wayar ba za ta gaya maka ba: kai ba a Kano kake ba. Kana gabas da Kano da wajen kilomita 130, wato ka riga ka ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar Maiduguri tun kana zaune a gida. In za ka hau jirgi, sai ka fara komawa yamma. Mu lissafa daga ƙofar gida. Daga ƙauye zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, da babur da mota da cunkoson shiga gari, awa biyu da rabi in an yi sa'a. Zuwa da wuri don awon kaya da bincike, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kano zuwa Abuja, awa ɗaya. Jira a Abuja, aƙalla awa biyu in ana so a tsira daga makara. Abuja zuwa Maiduguri, awa ɗaya da minti ashirin. Karɓar kaya da shiga gari har Gwange, kusan wata awar. Kusan awa goma ke nan, kuma a ranar da babu jirgin da ya yi latti.

Mai Sharon, Shuwarin:

Malam ya gama magana ta wajen lissafi. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma a hanyar nan nake neman abincina, bari in faɗi abin da na sani.

Ɗan'uwa, daga Kiyawa zuwa Maiduguri kilomita 400 ne da ɗan wani abu. Kana fita sai Jama'are, sai Azare, awa ɗaya da 'yan mintuna ka isa. Azare zuwa Potiskum wajen kilomita 100, Potiskum zuwa Damaturu ma kusan haka, kowanne awa ɗaya da kwata in mota lafiyayya ce. Tun 2006 aka ba da aikin mayar da hanyar nan mai hannu biyu daga Kano har Maiduguri. Wurare da yawa an gama, mota sai ta miƙe ba gargada, wasu wuraren kuma a karkatar da kai a koma hannu ɗaya. Wanda ya san hanyar a da, ya san an samu sauƙi ƙwarai.

Inda lokaci ke tafiya shi ne Damaturu zuwa Maiduguri. Kilomita 130 ne kawai, amma ka sa awa biyu ko fiye. Kukareta, Ngamdu, Benishek, Mainok, Jakana, Auno, sannan Njimtilo a bakin gari, kusan ko'ina akwai shingen jami'an tsaro. Wani wurin a ɗaga maka hannu ka wuce, wani wurin a ce kowa ya nuna kati, wani lokacin a tsayar da motoci gaba ɗaya sai an duba gaba. Duka-duka, da tsayawar sallah da cin abinci, awa shida zuwa bakwai.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: yamma. Sojoji sukan rufe hanyar idan rana ta yi sanyi, sai da safe a buɗe. Kowa ya tuna abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020, matafiyan da suka tarar an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a nan, aka far musu cikin dare, aka kashe mutane da yawa, aka ƙone motoci. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan duk direba mai hankali ba ya barin Damaturu in azahar ta gota sosai. Gara ya kwana.

In za ku bi mota, shawarata kada ka kai Inna tasha a cusa ta cikin mutum huɗu a baya, gwiwa a ƙirji. Wannan shi ne zai karya ta, ba nisan ba. Ka ɗauki shata, ko ka nemi motar gida da direban da ya san hanyar. A ba ta kujerar baya ita kaɗai, a jingina mata matashi a jikin ƙofa, ta miƙe ƙafafu a kan kujera. Duk awa ɗaya da rabi a tsaya ta sauko ta ɗan taka, ko da zagaye motar ne. Na sha ɗaukar tsofaffi a haka, wasu har barci suke yi tun daga Jama'are. Kuɗin shata zuwa da dawowa ba zai kai na tikitin mutum biyu a jirgi biyu ba, ko kusa.

Maman 'Yan Biyu, Gaya:

Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Ni kam zan ɗan saɓa da Malam da kuma Mai Sharon, a yi haƙuri.

Ku duk kuna ƙirga awanni ne jimla. Ni da na yi jinyar tsoho, ba haka nake ƙirgawa ba. Abin tambaya shi ne, awa nawa za ta yi a naɗe ba ta motsa ba, kuma ana girgiza ta? Jira a filin jirgi ba daidai yake da zama a mota ba. A can akwai kujera, akwai banɗaki, akwai masallaci, in ta gaji da zama ta miƙe, in ta so ka shimfiɗa mata darduma a gefe ta kishingiɗa. A hanya kuwa, mace tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ce tana son zagawa a tsakiyar daji, ina za ka kai ta? Maza ba sa tuna wannan, amma mu mun san tsofaffi mata da yawa ƙin shan ruwa suke yi tun daga asuba saboda kunyar su ce a tsaya. Su isa a galabaice.

Bara ni da maigidana muka kai mahaifinsa Maiduguri ta Abuja, shi ma baya ne ke damunsa. Tun wajen sayen tikiti muka ce muna son keken marasa lafiya. Muna isa wani yaro ma'aikaci ya zo da shi, ya tura Baba har gindin jirgi, ba mu bi dogon layi ba. Wahalar ɗaya ce, matakala. Tana da tsayi, kuma a tsaye take. Mutum biyu suka riƙe shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, yana hawa taki ɗaya yana hutawa, fasinjoji na tsaye a ƙasa suna jira, ba wanda ya ce uffan sai sannu Baba. Da jirgin ya ɗaga ya damƙe hannun ɗansa yana ta salati, da aka daidaita kuwa har leƙen taga yake yana tambayar wane gari ne wancan. Wajen sauka kunnensa ya toshe, wata ma'aikaciya ta ce ya riƙa haɗiyar yawu ko ya tauna wani abu, muka ba shi dabino.

Ba zan ɓoye ba, mun kwana a Abuja. Jirgin farko ya yi latti, kafin mu sauka na biyun ya tashi, kuma kamfanoni biyu ne, na biyun ba ruwansa da lattin na farko. Allah ya taimake mu muna da 'yan'uwa a can. Filin jirgin Abuja yana da nisa da cikin gari, kusan kilomita 40, in ba ka da kowa kuɗin mota da na masauki kaɗai sun isa su tayar maka da hankali. Duk da haka Baba ya isa da ƙarfinsa, ya gaisa da mutane a zaune, ba a kwance ba.

Sannan maganar tsoro. Mai Sharon ya saba, zuciyarsa ta yi ƙwari. Ni ko a waya aka ce mini wani nawa ya bar Damaturu, ba na iya cin abinci sai an ce ya wuce Njimtilo.

In kun yanke jirgi, ka gaya wa Inna tun a gida, tsarabar man shanu da zuma da man gyaɗa ba a shiga da su a jakar hannu. A ɗaure su da kyau a cikin babban kaya, in ma an yarda. Kuma in tana da hawan jini, a fara ganin likita.

Manomin Riɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, lissafinka ya buɗe mini ido, ban taɓa kawo cewa komawa Kano ma tafiya ce ba. Hajiya, maganar ruwan nan da kika yi kamar kin san Inna. Haka take yi ko Dutse za mu, sai ta ce ba ta jin ƙishi.

Amma har yanzu abu ɗaya na ci mini rai. Kano fa, cibiyar kasuwancin arewa. Maiduguri, babban birnin gabas. 'Yan Kantin Kwari da Dawanau kullum kayansu na hanyar Borno, mutanen Borno kuma cike suke a Kano. A ce tafiyar minti 50 sai an kewaya da mutum ta Abuja? Me ya kawo haka? Kuma ba wanda ya ce komai kan filin Dutse.

Dattijon Ringim:

Yaro, tambayarka ta taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. Jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa.

Ka san cewa hanyar jirgin sama ta farko a ƙasar nan ita ce wannan da kake nema? A ƙarshen watan Oktoban 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da ƙasar Chadi, suka sauka Maiduguri, daga nan suka miƙo Kano a farkon Nuwamba. A lokacin ko filin jirgi babu, a filin dawakai suka sauka. Abuja kuwa ba a ma yi mafarkinta ba. Shekara ɗari ke nan, kuma yau jikokin waɗanda suka fito kallon jiragen nan sai sun je kudu sun dawo kafin su ga juna.

Irin su Kawunka da suka tafi gabas a zamaninmu, wasu a ƙafa suka tafi, da allo da buzu, suna yada zango gari-gari. Wasu jirgin ƙasa suke hawa a nan Ringim, ya bi ta Gagarawa da Malam Madori ya kai su Nguru, daga can su nemi babbar mota. Layin dogon Nguru tun 1930 yake. Na Maiduguri kuma, wanda ya biyo ta Bauchi da Gombe, a 1964 ya isa. Da muka yi aikin gwamnati, jirgin Nigeria Airways yana zuwa Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Yola da Maiduguri. Kamfanin gwamnati ne, ba riba kaɗai yake dubawa ba. Ya durƙushe a 2003. Tun daga nan kowa ya kama inda kuɗi yake, kuɗi kuwa yana Abuja da Legas.

Ba Maiduguri kaɗai ba. Sakkwato daga Kano ko kilomita 400 ba ta kai ba a sama, amma sau da yawa wanda zai je can ma sai ya biya ta Abuja, alhali ita ce hanyar da mutane suka fi jin tsoron bi a mota yanzu, saboda abin da ke faruwa a Zamfara. Wannan abu yana ba ni takaici matuƙa. Gwamnoninmu kowa ya gina fili a jiharsa, amma ban ga sun zauna sun ce bari mu haɗa kuɗi mu tsaya wa ƙaramin jirgi ɗaya da zai riƙa zagaya biranenmu ba.

Filin Dutse, zamanin Sule Lamido aka gina shi, aka buɗe a 2014. Fili ne mai kyau, alhazanmu daga nan suke tashi, sun huta da kwanan sansani a Kano. An taɓa yin jigilar fasinja tsakaninsa da Abuja. Amma ko da ka samu jirgi a nan, Abujar dai zai kai ka. Abin da zai rage maka shi ne tafiyar Kano kawai.

Mai Yankan Tikiti, Dawakin Kudu:

Ranka ya daɗe Baba, maganarka gaskiya ce, amma bari in ɗan faɗi yadda abin yake ta ɓangaren masu jirgin, tunda a bakin sana'ar nake.

Ba wai babu 'yan arewa a harkar ba ne. Kabo Air, wadda ta fara a shekarun 1980 ta kuma daina aiki daga baya, ta Kano ce, Max Air da Azman da Rano Air duk na mutanenmu ne. Matsalar cika jirgi ce. Boeing 737 yana ɗaukar mutum sama da 120. Ƙaramin jirgi ƙirar Embraer ɗin nan kujera 50 ne. Man jirgi tsada, kayan gyara da dala ake saye, gyara mai nauyi sau da yawa sai an fita waje. Jirgin da ya tashi rabinsa wayam, asara ya tashi da ita. Hanyar Abuja zuwa Maiduguri kullum akwai ma'aikatan gwamnati, da na ƙungiyoyin agaji, da 'yan kwangila, da 'yan siyasa, mutanen da ofis ne ke biya musu. Tsakanin Kano da Maiduguri kuwa yawancin matafiyan 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa da dilar atamfa yake tafiya, ba da jakar hannu ba. A jirgi galibi kilo 20 ne ko ƙasa da haka, abin da ya ƙaru sai ka biya. Shi ya sa za ka ga kamfani ya buɗe hanya tsakanin biranen arewa biyu, ya yi 'yan watanni, ya mayar da ita sau biyu a mako, daga baya ya ɗauke. Wani lokacin kuma jirgi ɗaya ne zai biya ta gari biyu ya kwashi na nan da na can.

Saboda haka ɗan'uwa, kada ka dogara da abin da shafin intanet ya rubuta, wasu jadawalin sun shekara ba a taɓa su ba. Ka sa wani naka a Kano ya je teburin kamfanonin a filin jirgi ya tambaya: a makon nan, akwai mai zuwa Maiduguri ba tare da an canja jirgi ba? Wace rana? In akwai, to lissafin ya canja. Awa biyu da rabi zuwa Kano, biyu na jira, ɗaya a sama, ɗaya zuwa gida. Awa shida da rabi, daidai da mota, amma ka tsallake Damaturu zuwa Maiduguri, kuma zaman naɗe ƙafa ya ragu da rabi. A nan ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. In kuwa sai ta Abuja ne, ka yi ƙoƙari kamfani ɗaya ya yankar maka duka biyun, kuma ka ɗauki jirgin farko na safe, wanda ke nufin a Kano za ku kwana.

Sai babban abin da ba wanda ya ambata: muna cikin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya sauko sosai, matuƙi ba ya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, kuma in bai kai ba, ba zai sauka ba ko wane ne a ciki. Kano da Maiduguri duka suna cikin garuruwan da ƙurar nan ta fi rufewa. Na ga ranar da mutane suka wuni a zaune tun safe, ana ce musu nan da awa ɗaya, nan da awa ɗaya, da magariba aka ce kowa ya tafi sai gobe. Akwai jirgin da zai je har saman gari ya yi ta kewaye, ya juya inda ya fito. Ba laifin kowa ba ne, amma mai zuwa duba mara lafiya ya kamata ya sa wannan a lissafi.

In kun tashi, sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaida, harafi da harafi. Katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ya isa.

Manomin Riɗi:

Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa. Baba na Ringim, Allah ya ƙara girma, na karanta wa Inna maganarka ta jirgin Nguru, ta ce ta nan Kawu ya bi, ita ce ma ta soya masa gyaɗar guzuri.

Na sa ɗan yayata da ke karatu a Kano ya je ya tambaya kamar yadda aka ce. A kwanakin da muke so babu mai zuwa kai tsaye, sai ta Abuja. Ga hazon da muka tashi da shi yau, daga ƙofar gidana ba na hango kukar bakin gona. Na zauna na yi wa Inna bayani duka, na Hajiya da na Mai Sharon, ban rage komai ba, har maganar Auno. Ta ce ɗan'uwanta na kwance a gabas, ba za ta juya ta yi yamma ba, balle ta je ta kwana a garin da ba ta san kowa ba. Mota za mu bi.

Maƙwabcinmu yana da mota mai kyau, kuma ɗansa ya saba zuwa kasuwar shanu ta Potiskum. Jibi in Allah ya kai mu za mu tashi ana idar da sallar asuba. Zan tafi da matata saboda abin da Hajiya ta faɗa, in Inna na son wani abu ita za ta fi gaya wa. Dawowa kuma, in hazo ya yi sauƙi aka samu jirgin da zai sauke mu Kano kai tsaye, ina so ta hau, ko don gwiwar. Mai Sharon, akwai abin da ya rage in sani?

Mai Sharon, Shuwarin:

Allah ya kai ku lafiya. Ku sha mai ku cika tanki a Azare, ku ƙara a Damaturu, kada ku ce sai gaba. A duba taya da safaya tun gobe. Kowa ya riƙe katinsa a aljihu, har Inna da uwargida, kada a sa a cikin jaka a but. A Potiskum ku tsaya a babban gidan mai mai masallaci, za ku samu banɗakin mata, ta yi abin kari a nan ta sha ruwa sosai. Yaron nan tunda iyakarsa Potiskum, in kun isa Damaturu ya tambayi direbobin tasha yadda gaba take a ranar, kuma ya bi ayarin motoci, kada ya ware shi kaɗai. A shinge ya sauke gilas, ya kashe rediyo, kada kowa ya ɗaga waya. In sha biyun rana ta yi muku a Damaturu kuna kan lokaci. In wani abu ya riƙe ku har bayan ƙarfe biyu, ku nemi wajen kwana a nan, da safe ku ƙarasa.